Kuɗin Rajista da Farashin Zama Lauya: Nazari a kan Zaɓen Tsangayar Shari'a a Najeriya

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ɗalibai da iyayensu suke zaɓen jami'ar da za a karanta aikin lauya a Najeriya, musamman a Arewa, inda galibi abu biyu ake aunawa: kuɗin rajista da sunan makaranta. Takardar tana ganin wannan ma'auni ya gaza, domin digirin jami'a shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Sai ya sami gurbi a Makarantar Horas da Lauyoyi, ya ci jarrabawarta, an rantsar da shi. Don haka farashin da ya kamata a kwatanta shi ne na dukan tafiyar, kuɗi da shekaru, tun daga ranar shiga jami'a har ranar rantsuwa. An bi tsarin kason gurabe, da yajin aikin malamai, da ƙarin kuɗin shekarar 2023, da irin ayyukan da ke jiran sabon lauya, sannan aka kawo misalin Amurka, inda aka tilasta wa makarantu bayyana makomar ɗalibansu.

1.0 Gabatarwa

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya kama, gidaje da yawa sukan yi muhawara iri ɗaya a kan yaron da ya ce shi lauya zai zama. Wani ya ce a kai shi Zariya, domin nan ce uwa. Wani ya ce Kano ta fi kusa, ba sai an biya masa ɗaki ba. Idan gidan da ɗan hali, sai a sami mai cewa araha ba ta ado, gara a cije a kai shi jami'a mai zaman kanta ya gama a kan lokaci. Kowane daga cikinsu yana da hujja. Abin da ba kasafai ake ji a wurin ba shi ne tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi: idan yaron nan ya gama, wace shekara jami'ar za ta iya tura sunansa Makarantar Horas da Lauyoyi?

Abin da nake son kafawa a wannan takarda shi ne cewa iyalan da ke wannan zaɓi sun san abin da za su biya a shekarar farko, amma ba su da masaniyar abin da suke saye. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma ba laifin iyaye ba ne. Bayanan da za su haska musu hanya suna hannun jami'o'i da hukumomin da ke sa musu ido, ba a kuwa saba fito da su fili ba.

2.0 Ƙofofi biyu

Kafin samun 'yancin kai, ɗan Najeriya da ke son zama lauya Landan yake tafiya. Can aka rantsar da Christopher Sapara Williams a 1879, can kuma aka rantsar da Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilori a 1955, wanda ake ƙirgawa a matsayin lauyan farko daga Jihar Arewa. Kwamitin Unsworth na 1959 ne ya ba da shawarar a dawo da horon gida. Jami'ar Nsukka ta buɗe tsangayar shari'a a 1961, na Legas da Ife da Ahmadu Bello suka biyo baya a 1962. A shekarar ce aka yi dokar da ta kafa Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, a watan Janairun 1963 kuma Makarantar Horas da Lauyoyi ta fara aiki a titin Igbosere da ke Legas da ɗalibai takwas.

Tsarin ƙofofi biyu da aka shimfiɗa a lokacin, wato jami'a sannan makarantar horaswa, shi ne har yau. Ɗalibi zai yi shekara biyar a jami'a idan ta jarrabawar JAMB ya shiga, ko huɗu idan ya shiga kai-tsaye da difloma ko wata shaida makamanciyarta. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ta koma Bwari a 1997, take kuma da rassa a Legas, da Inugu, da Bagauda ta Kano, da Yola, da Yenagoa, da Fatakwal. A can ne ake koyon gudanar da ƙarar jama'a da ta laifi, da dokar kamfanoni, da ta dukiya da filaye, da ladubban sana'a, a kuma tura ɗalibi zaman koyo a kotu da ofishin lauyoyi. Wanda ya ci jarrabawa sai majalisar manyan alƙalai da lauyoyi ta rantsar da shi, a rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli. Sai bautar ƙasa, shekara guda. Idan komai ya tafi daidai, shekara bakwai ke nan.

Jami'o'in da ke koyar da shari'a sun yi yawa, suna kuma ƙaruwa. Makarantar horaswa kuwa guda ce, kuma ɗakunan kwananta da kujerun ajinta suna da iyaka. Daga wannan rashin daidaito matsalar da ke gaba ta samo asali.

3.0 Kason gurabe

Kowace tsangayar shari'a tana buƙatar amincewar hukumomi biyu. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana duba ta a matsayin sashen jami'a. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi kuma tana duba ta a matsayin wurin da ake shirya waɗanda za su shiga sana'a, ita ce kuma take yanke wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, bisa yawan malamanta da ɗakin karatunta da gine-ginenta. Wannan adadi shi ne iyakar sunayen da jami'ar za ta iya turawa Makarantar Horas da Lauyoyi a kowace shekara. Iyaye da yawa ba su san da amincewa ta biyun ba. Suna ganin tallar jami'a ta ce hukumar jami'o'i ta tantance ta, sai hankalinsu ya kwanta.

Me ke faruwa idan tsangaya ta ɗauki fiye da kasonta? Ba a ganin illar a aji ɗaya, ba a ganin ta a aji huɗu. Ɗalibai za su yi karatu, su ci jarrabawa, a yi bikin yaye su, a ɗauki hoto. Sai lokacin tura sunaye ya zo a ce wasu su jira baɗi. Baɗi kuma ga sababbin da suka gama sun ƙaru a kan na bara. Haka layin zai yi ta tsawo, mai digiri yana zaune a gida, shi ba ɗalibi ba, shi ba lauya ba, ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali ko sa hannu a takardar kotu.

Ba hasashe nake yi ba. A watan Nuwamban 2023 Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a Jami'ar Baze da ke Abuja na shekara biyar. Dalilin da ta bayar shi ne kason tsangayar ɗalibi 50 ne a shekara, amma an yi ta wuce shi har waɗanda ke jiran gurbi suka kai 347. Lissafin a fili yake: idan 50 ake turawa duk shekara, kafin a kwashe mutum 347 an yi kusan shekara bakwai. Waɗannan kuwa 'ya'yan da iyayensu suka biya kuɗi masu yawa ne domin su tsere wa ɓata lokaci. A watan Janairun 2025 kuma hukumar JAMB ta sanar da cewa ba za ta gudanar da ɗaukar ɗaliban shari'a a makarantu takwas ba a zangon da ke tafe, sakamakon matakin Majalisar. A cikin jerin akwai jami'o'i masu zaman kansu, akwai na jihohi, akwai ta tarayya, har da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Wannan ya nuna cewa matsalar ba ta tsaya a kan wani rukuni ɗaya na jami'o'i ba.

Akwai kuma darasin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN. Mutane da yawa, galibinsu ma'aikata masu iyali, sun zaɓe ta saboda sauƙin kuɗi da kuma damar yin karatu ba tare da barin aiki ba. Majalisar ta ƙi karɓar masu digirinta na shari'a, bisa matsayinta na cewa ba a karanta aikin lauya ta hanyar karatun nesa ko na wucin gadi. An shafe shekaru ana ja-in-ja, an je kotu, an yi wa dokar jami'ar gyara a 2018, kafin daga baya a buɗe musu wata hanya ta musamman. Wanda ya shiga yana ganin ya sami araha, shekarunsa ya biya.

A nan ya kamata a ja hankalin ɗalibanmu na kwalejojin shari'a da addinin Musulunci, irin ta Aminu Kano da ke Kano, da ta A.D. Rufa'i da ke Misau, da ta Mohammed Goni da ke Maiduguri. Diflomar waɗannan kwalejoji tana da amfani ƙwarai. Ta samar wa kotunanmu ma'aikata da alƙalai na ƙananan kotuna, tana kuma iya zama tsanin shiga jami'a kai-tsaye. Amma ba ta kai mutum Bagauda ko Bwari sai ya bi ta digiri, gurbin shiga kai-tsaye kuwa a tsangayoyin shari'a kaɗan ne, masu nema suna da yawa. Ya kamata a faɗa wa yaro wannan tun ranar da ya karɓi fom.

4.0 Kuɗi da shekaru

Jami'ar gwamnati ta fi araha, wannan ba abin gardama ba ne, ko bayan ƙarin da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa, waɗanda suka yi suna a cikinsu miliyoyin naira suke karɓa a shekara, shari'a kuma tana cikin fannonin da suka fi tsada a wurinsu. Ga kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Lamunin ba shi da ruwa, abin da ke da muhimmanci ga iyalan Musulmi, ana kuma fara biyansa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. An buɗe shi ne ga ɗaliban makarantun gwamnati, wanda hakan ya ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu.

To amma arahar jami'ar gwamnati tana zuwa da nata haraji. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya a 2019 duka biyun sun same shi, wata goma sha bakwai ke nan, ban da watannin da jami'a ke ɗauka kafin kalandarta ta daidaita. Ba ina ɗora wa malamai laifi ba ne, domin abin da suke kuka da shi na rashin kuɗin gudanarwa gaskiya ne. Magana ce ta lissafi: wanda ya yi niyyar shekara biyar ya yi shida da wani abu, a duk tsawon lokacin kuma ana ciyar da shi, ana biya masa haya.

A wannan sana'a kuwa jinkiri yana da tsada ta musamman, domin girma a cikinta daga shekarar rantsuwa ake ƙirga shi. Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu sai ya shekara 10 da zama lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, Kotun Ƙoli 15. Muƙamin Antoni-Janar ma shekara 10 ne, haka neman lambar Babban Lauyan Najeriya, wato SAN. Hatta a zaman kotu na yau da kullum, wanda ya riga ka rantsuwa shi ake fara sauraro. Shekara biyun da aka rasa a farko suna bin mutum har ƙarshen aikinsa. Ga 'ya mace, wadda a gidaje da yawa ake auna karatunta da lokacin aurenta, shekara biyun nan kan iya zama dalilin da digirin zai tsaya a bango, ba a kai ga rantsuwa ba. Wannan asara ce da muke yi a Arewa a daidai lokacin da matan da ke zuwa kotu kan aure da gado da riƙon 'ya'ya suka fi buƙatar lauya mace.

Sai kuɗin shekarar ƙarshe, wanda shi ne yake yi wa iyalai ba-zata. A ƙarshen 2023 kuɗin Makarantar Horas da Lauyoyi ya tashi daga naira 296,000 zuwa 476,000, ƙarin kusan kashi 60 cikin 100. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ya kusa albashin wata bakwai. Kuma wannan kuɗin makaranta ne kawai. Akwai littattafai, da tufafin baƙi da fari da aka wajabta, da kwamfuta, da abinci, da kuɗin mota zuwa reshen da aka tura ɗalibi, wanda ba lallai ya zama na kusa da gida ba: ɗan Sakkwato na iya samun kansa a Yenagoa. Daga ƙarshe ga kuɗin rantsuwa da hular gashi da baƙar riga. Wannan nauyi iri ɗaya ne a kan wanda ya fito daga jami'ar gwamnati da wanda ya fito daga mai zaman kanta. Wasu gwamnatocin jihohi sukan tallafa wa 'yan asalinsu, amma tallafi ne da ke zuwa wata shekara, ya ɓace wata, ba abin da uba zai gina lissafinsa a kai ba ne. Shawarata ga kowane gida ita ce a fara tanadin wannan shekara tun yaro yana aji uku.

Karatu a waje ba zan daɗe a kansa ba. Digirin shari'a a Ingila shekara uku ne, amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, wannan hanya ta fi ƙarfin mafi yawan masu albashi. Wanda ya dawo kuma sai ya yi kashin farko na horo domin koyon dokokin Najeriya kafin ya shiga aji ɗaya da sauran.

5.0 Aikin da ke jira

Idan aka ce makomar aiki, hankalin ɗalibai kan tafi ga manyan kamfanonin lauyoyi na Legas da Abuja, irin su Aluko & Oyebode, da Banwo & Ighodalo, da Templars, da Olaniwun Ajayi, da Udo Udoma & Belo-Osagie. Su ne ke yi wa bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa aiki, su ne kuma ke biyan sabon lauya albashin da zai riƙe shi. Sai dai gurabensu kaɗan ne idan aka kwatanta da dubban da ake rantsarwa duk shekara. Abin da suka fi dubawa shi ne darajar sakamako, na jami'a da na makarantar horaswa: daraja ta ɗaya, ko ta biyu mataki na sama. Bayan haka sai iya rubutu da Turanci mai tsabta, da shaidar cewa ɗalibi ya taɓa zaman koyon aiki a lokacin hutu ko ya shiga gasar kotun gwaji. Sunan jami'a yana buɗe ƙofa, ba na musun haka, kuma wanda ya yi karatu a Legas ko Abuja ya fi kusa da wuraren koyon aiki. Amma a ganina mai daraja ta ɗaya daga jami'ar jiha ya fi mai daraja ta uku daga jami'a mai tsada damar a kira shi ganawa.

Mafi yawan sababbin lauyoyi ba can za su ba. Za su fara ne a ƙaramin ofishi a Kano ko Kaduna ko Bauci, ƙarƙashin wani babba, suna ɗaukar masa fayil, suna zuwa neman ɗage ƙara, suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙorafin ƙarancin albashin ƙananan lauyoyi tsoho ne, kusan duk mai neman shugabancin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya sai ya yi alkawari a kansa. Wannan shi ne abin da ya kamata uban da ke shirin sayar da fili ko cin bashi domin jami'a mai tsada ya sa a gabansa. Idan yaron Gusau zai dawo ya yi aiki, kuɗin da aka zuba ba za su dawo cikin shekara biyar ko goma ba, kuma abokin aikinsa da ya fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuɗi kaɗan kujera ɗaya za su zauna. A irin wannan aiki abin da ke ciyar da lauya shi ne sanin mutane da sanin kotu: wanda ya san dokar laifuka ta Arewa da aka gada tun 1960, ya san rikicin filaye ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ya kuma iya zama da dattijo ya fahimci ƙararsa da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri. Abokan aji su ne za su zama majistarori da lauyoyin gwamnati na jihar nan gaba. A wannan fuska tsofaffin jami'o'in yankin suna da jarin da kuɗi ba ya saye. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya ta yaye Alƙalan Alƙalai na ƙasa irin su Mahmud Mohammed, da Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, da tsofaffin shugabannin ƙungiyar lauyoyi biyu, A.B. Mahmoud da Yakubu Maikyau.

Akwai kuma zaɓin da ya keɓanta da mu, wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a lissafi. Jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri da Ilori da Ahmadu Bello suna koyar da shari'ar Musulunci, wasu a haɗe da dokar da aka gada daga Ingila, wasu a matsayin fanni na ƙwarewa. Wasu ɗalibai suna gudun sa, suna ganin ƙarin wahala ne, ko kuma zai taƙaita su ga ƙananan kotuna. Tsarin Mulki bai goyi bayan wannan tsoro ba. Sashe na 276 ya buɗe wa lauyan da ya shekara 10 kuma yake da shaidar ilimin shari'ar Musulunci hanyar zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Sashe na 237 ya wajabta a sami aƙalla alƙalai uku masana dokokin iyali na Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sashe na 288 kuma ya ce a kula da haka wajen naɗin alƙalan Kotun Ƙoli. Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalai daga 2019 zuwa 2022, shari'ar Musulunci ya karanta a Zariya. Tun da Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'a a shekarar 2000 wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi, aikin ya ƙaru. Sabuwar kasuwa kuma ta buɗe a harkar kuɗi: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017. Kowace yarjejeniyar murabaha ko ijara tana buƙatar wanda ya san fiƙihun ciniki ya kuma san dokar kamfanoni. Wannan haɗi a jami'o'in gwamnati masu araha aka fi samun sa, kuma yaron da ya taso da Larabci daga Islamiyya ya riga ya yi rabin tafiya.

6.0 Abin da aka yi a Amurka

Tsarin Amurka ya bambanta da namu. Can sai mutum ya gama digirin farko yake shiga makarantar shari'a ta shekara uku, galibi da bashi mai nauyi. Abin da ya sa na kawo ta shi ne sun taɓa shiga irin duhun da muke ciki. Bayan durƙushewar tattalin arziki na 2008 ayyukan lauyoyi suka ragu, amma makarantu suka ci gaba da tallar cewa kusan duk ɗalibansu sun sami aiki, suna ƙirgawa har da masu aikin wucin gadi da ba ya buƙatar digirin shari'a. Tsofaffin ɗalibai suka kai wasu makarantu kotu a 2011 da 2012. Yawancin ƙararrakin ba su yi nasara ba, amma hayaniyar ta yi tasiri, haka ma littafin Brian Tamanaha mai suna Failing Law Schools da ya fito a 2012. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, wadda ke tantance makarantun, ta tsaurara ƙa'ida. Yanzu kowace makaranta dole ta wallafa kuɗinta, da tallafin da take bayarwa, da yawan waɗanda suka ci jarrabawar shiga sana'a, da irin aikin da kowane rukunin ɗalibai ya samu wata goma bayan kammalawa, a rarrabe tsakanin aikin dindindin da na wucin gadi, da wanda ke buƙatar lasisin lauya da wanda ba ya buƙata.

Alƙaluman albashin can sun nuna wani abu da ya yi kama da namu. Sababbin lauyoyi sun kasu gida biyu: 'yan tsiraru a manyan kamfanoni, inda albashin farko ya kai dala 225,000 a shekara a 2024, da kuma mafi rinjaye da ke can ƙasa nesa. Matsakaicin da makaranta za ta buga a talla yana faɗawa ne a tsakiya, inda kusan babu kowa. Bayyana alƙaluma bai sauke kuɗin makaranta a Amurka ba. Abin da ya yi shi ne ya ba ɗalibi damar ganin inda waɗanda suka riga shi suka ƙare kafin ya sa hannu a takardar bashi.

7.0 Abin da ya kamata a fito da shi fili

Ba sai mun jira sabuwar doka ba. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta san kason kowace tsangaya, domin ita ta yanke shi. JAMB ta san adadin da kowace jami'a ta ɗauka, domin ta na'urarta ake bi. Makarantar Horas da Lauyoyi ta san daga wace jami'a kowane ɗalibi ya fito da kuma sakamakon da ya samu. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan a shafi guda, a wallafa duk shekara kafin a fara sayar da fom: kason tsangaya, da adadin da ke kowane aji a yanzu, da yawan masu digirin da ke jiran gurbi, da yadda ɗalibanta suka yi a jarrabawar ƙarshe cikin shekaru uku da suka wuce. A sa shi a cikin ƙasidar JAMB, a kuma karanta shi a gidajen rediyo da Hausa, domin uban da zai biya kuɗin sau da yawa ba shi ne mai shiga intanet ba. Dakatar da tsangaya bayan ɗaruruwa sun maƙale hukunci ne da ya zo a makare ga waɗanda abin ya shafa.

Bin sawun inda ɗalibai suka sami aiki ya fi wuya, amma rassan ƙungiyar lauyoyi suna karɓar kuɗin shekara daga kowane lauya mai aiki, suna iya haɗawa da tambayoyi kaɗan ga waɗanda ba su wuce shekara biyar da rantsuwa ba. Mu kuma malaman tsangayoyi, akwai abin da ke hannunmu tun yau. Idan shugabannin jami'a suka matsa a ɗauki fiye da kaso saboda kuɗin shiga ko saboda takardar wani babba, shugaban tsangaya ne ya kamata ya fara cewa a'a a rubuce, domin shi ne zai fuskanci waɗannan yara bayan shekara biyar. Kafin hukumomi su motsa kuma, duk uban da ya zo ofishinmu ya tambayi nawa ne kasonmu, nawa ne a aji biyar, nawa ne ke jira a gida, a buɗe fayil a nuna masa.